OM System OM-5 don hoton duwatsu da ruwa: ƙarama ce mai ƙoƙari, amma a san abin da ake saya

In dai irin hoton da kake nema sai an taka da ƙafa kafin a kai gare shi, a hau tsauni, a gangara kwari, a bi gaɓar teku har ƙafa ta yi tsami, to maganar farko nauyin kaya ce, megafiksal daga baya yake zuwa. Da wannan ma'aunin zan auna OM System OM-5, kuma tun yanzu bari in faɗa muku inda na tsaya: ga matafiyi mai ɗaukar hoton daji da duwatsu da ruwa tana cikin kyamarorin da suka fi dacewa da aikin, amma fa ba ta kowa ba ce, akwai inda take gazawa ƙarara kuma masoyanta ba sa son a daɗe a wurin.

Wanda sunan ya yi wa baƙo, Olympus ce ta da. Kamfanin Olympus na Japan ya sayar da sashen kyamarorinsa, daga farkon 2021 sashen ya koma hannun sabon kamfani mai suna OM Digital Solutions, su suka fitar da OM-5 a watan Oktoban 2022. Duk wanda ya taɓa riƙe Olympus E-M5 Mark III ta 2019 zai ga jikin kusan ɗaya ne, sunan goshi aka canja sai dabarun da aka ƙara mata a ciki. Tsarinta Micro Four Thirds ne wanda Olympus da Panasonic suka fito da shi tun 2008, wato lens ɗin Panasonic na wannan tsarin ma zai hau kanta lafiya lau, kuma da yake tsarin ya daɗe lens na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, sun cika ko'ina.

Toh nauyi. Jikinta da batir da memori giram 414 ne. Lens ɗin da aka fi haɗa ta da shi, 12-45mm f/4 PRO, giram 254, gaba ɗaya ba su kai giram 700 ba. Ɗauki Sony A7 IV da lens ɗinta 24-105mm f/4 ka ɗora a sikeli, sun haura kilo 1.3, kusan ninki biyu kenan. A kan tebur wannan bambancin ba komai ba ne, kowa zai ce ai rabin kilo ne kawai me aka yi, amma rataya shi a wuya awa shida kana hawa, ga ruwan sha ga rigar sanyi ga sauran tarkace a bayanka, sannan ka dawo mu yi magana. Abin da nauyi yake yi wa mai hoto ma ba gajiya ba ce kawai, sa shi yake ya cusa kyamarar can ƙasan jaka, daga nan sai haske mai kyau ya zo na minti biyu a kan wani kwari, ya tsaya yana shawara da kansa ko ya sauke jakar ko ya bari, kafin ya gama shawarar gajimare ya rufe. Ita wannan a ƙirji take zama duk yini, hannu ɗaya ya isa a ɗago ta.

Abu na biyu da ya sa nake yaba mata shi ne jure ruwa da ƙura. An ba ta matakin IP53, kuma yana da kyau a gane me lambar take nufi don kada wani ya je ya tsoma ta a kogi ya ce ni na ce. Biyar ɗin ta ƙura ce, ƙura ba za ta shiga yadda za ta hana ta aiki ba. Ukun ta ruwa ce, feshin ruwa da ke sauka daga sama ko a karkace har digiri 60. Ruwan sama da feshi kenan, ba nutso ba. Kamfanin ya ce tana aiki har sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Kyamarori da yawa ana rubuta musu wai suna jure yanayi amma ba lamba ba gwaji, kai dai ka yarda kawai, nan kuwa an saka lamba. Sai dai lens ɗin ma dole ya zama mai kariyar, in ka ɗaura mata wanda ba shi da ita to ka buɗe wa ruwa ƙofa ta gaba, jerin PRO ɗin su ne ke da kariya sosai.

Amfanin wannan sai a wurin matsirgar ruwa ake ganinsa. Wuri irin Victoria Falls da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, faɗinsa mita 1,708, zurfin faɗuwar ruwan ya kai mita 108, lokacin da kogin Zambezi ya cika wajen watan Afrilu feshin da ke tashi jiƙa mutum yake sharkaf tun bai ƙarasa bakin wurin ba. Haka Skógafoss a ƙasar Aisilan mai tsawon mita 60, in kana son hoton da ya fi na kowa sai ka matsa inda feshin yake. A irin wuraren nan za ka ga mutane sun naɗe kyamarorinsu a leda suna fito da su a tsorace na daƙiƙa biyu suna mayarwa, hoton ma a karkace. Mai OM-5 damuwarsa ɗaya ce, ɗigon ruwa a gilashin gaba, don haka ƙyallen goge lens ya zama akwai biyu ko uku a aljihu, ka goge, ka ɗauka nan take, ka sake gogewa. In an gama a tsane jikin da tawul kafin a buɗe murfin batir ko na memori, kuma kada a canja lens a cikin feshi ko a cikin iskar yashi, kariyar tana aiki ne muddin komai a rufe yake.

Sai hana rawar hannu, wanda nan ne gidan Olympus suka yi suna tun da. Sensar da ke ciki, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto, ba a kafe take ba, tana motsi tana bin rawar hannunka tana kashe ta, kamfanin ya ce har mataki 6.5 (kowane mataki ninka tsawon lokacin ɗaukar hoton ne sau biyu), in an haɗa da lens mai nasa tsarin irin 12-100mm f/4 ya kai 7.5. Lambobin ɗakin gwaji ne, ni ban cika ɗaukarsu da zafi ba, abin da na sani a aikace shi ne a 12mm, in na tsaya da kyau na manne gwiwar hannu a jiki na riƙe numfashi, rabin daƙiƙa ba ya ba ni wahala, daƙiƙa ɗaya ma ana samu in an ɗauki uku ko huɗu a zaɓi mai kyau. Da wata kyamarar wannan aikin ƙafar kyamara ne, wato tiraifod, kuma tiraifod mai ƙwari shi kaɗai kilo ɗaya da wani abu ne. Yawancin tafiyar rana yanzu a masauki nake barinsa.

Yanzu ga abin da na fi so a jikinta, Live ND. Kun san hoton ruwan nan da yake fitowa sumul kamar auduga, duwatsun gefe kuma tas ba motsi? Yadda ake yinsa a al'ada sai an bar shota, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga, a buɗe na ɗan lokaci, rubu'in daƙiƙa ko rabi ko fiye, shi kuwa hasken rana ya yi yawa ga haka, hoton fari fat zai fito, shi ya sa ake ɗaura baƙin gilashi a gaban lens mai suna filtar ND don ya rage haske. OM-5 tana yin wannan ba tare da gilashin ba, tana ɗaukar hotuna gajeru a jere ta haɗe su su zama ɗaya, kuma tana nuna maka yadda zai fito a sikirin tun kafin ka danna. Ka juya dayal zuwa S ko M, ka kunna Live ND, ka zaɓi ƙarfinsa daga ND2 zuwa ND16, kana rage gudun shota kana kallon ruwan yana laushi a gabanka. Na tsaya a kan wani dutse mai santsi a tsakiyar rafi cikin daji, wurin da ko an ba ka tiraifod ba inda za ka kafa shi, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, na sa buɗin bakin lens a f/8, ND16, rubu'in daƙiƙa, da hannu, ruwan da ke zagaye duwatsun ya fito zare-zare, gansakukar da ke jikinsu kuma kowane gashi ana gani. Ƙarin riba, da yake hotuna da yawa aka haɗe, tsaki-tsakin nan da ke fitowa a inuwa yana raguwa sosai, har wani lokaci ina kunna shi ko ba ruwa a hoton don kawai in samu fayil mai tsabta.

Amma ND16 mataki huɗu ne kawai, a yi lissafi a gani. Da rana tsaka ba gajimare, ISO (ma'aunin yadda sensa ke jin haske) 200 da f/8, shota tana neman wajen 1/800 na daƙiƙa. Rage mataki huɗu ya kawo ka 1/50, wannan kuwa bai isa ya narkar da ruwa ba, sai dai ya ɗan yi dishi-dishi wanda ma ya fi muni. A inuwar daji ko da sassafe ko bayan faɗuwar rana inda shota take neman 1/60, nan ne mataki huɗun zai kai ka rubu'in daƙiƙa. Wanda yake son teku ta kwanta lamo ko gajimare ya ja layi a sama, na daƙiƙa 30 ko minti biyu, dole ya nemi filta ta gaske mai mataki goma da tiraifod, ba makawa. Babbar yayarta OM-1 tana kaiwa ND64, ita an tsayar da ita a 16. Filtar folaraiza kuma babu wata dabarar kwamfuta da take maye gurbinta, ita ce ke cire ƙyallin da ke kan ruwa da jiƙaƙƙen ganye har ka ga duwatsun ƙasan tafki, bakin 12-45 ɗin milimita 58 ne, a saya a jefa a jaka ba ta da nauyin komai.

Sai High Res Shot, wanda shi aka fi yi wa talla. Sensar megafiksal 20 ce, amma kyamarar tana iya ɗaukar hotuna da dama a jere ta haɗa ta ba ka mai megafiksal 50, da hannu ma ba sai da tiraifod ba. Yana aiki kuwa? Yana yi, in abin da ke gabanka ba ya motsi. Dutse, tulin yashi, tsauni mai dusar ƙanƙara daga nesa, busassun itatuwan Deadvlei a Namibiya da jan yashin bayansu, irin waɗannan za ka ga bambanci, layukan jikin dutse sun fi fitowa kuma sama ta fi tsabta. Matsalar ita ce daji ba ya tsayawa cik don an zo ɗaukarsa hoto. Iska kaɗan ta kaɗa ganye ko ciyawa, in ka zuƙo hoton a kwamfuta sai ka ga wurin ya dame, wani wurin kaifi wani wurin laushi. Sannan bayan ka danna sai ka jira ta gama haɗawa na wasu daƙiƙu, a lokacin ba ka iya ɗaukar wani, in rana tana faɗuwa kuma launi yana canjawa duk daƙiƙa wannan jiran yana ci wa mutum rai wallahi. Dabarata ita ce in fara ɗaukar na megafiksal 20 in san na samu, sannan in gwada babban a matsayin ƙari.

Kuma ma 20 ɗin ba ƙaramin abu ba ne yadda ake zuzuta shi. Fiksal 5184 a 3888 ne, in za a buga a takarda da cikakken inganci zai ba da wajen santimita 44 a 33, in hoton bango ne da ake kallo daga nesa ya fi haka nesa ba kusa ba. Mutum nawa ne cikinmu suke buga abin da ya wuce haka? Yawanci a waya hoton yake ƙarewa. Inda 20 ɗin ke ƙuntata maka shi ne yanka, in kai mai ɗauka da faɗi ne ka je gida ka yanke rabi, to ba abin da zai rage maka. Dole ka tsara hoton tun a wurin.

To ga inda take gazawa, kuma ba wani gyara da zai kawar da shi don girman sensa ne. Tata milimita 17.3 a 13 ce, ta manyan kyamarori da ake kira ful-firem 36 a 24, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na filin. Ƙaramin fili, ƙaramin haske yake tarawa. Hoton shimfiɗar ƙasa kuwa mafi kyawunsa a lokacin da haske ya fi wahala ake samu, rana ta leƙo daga bayan tsauni, sama tana ci da wuta, kwarin da ke ƙasa kuma har yanzu duhu. Ka auna sama ƙasa ta yi baƙi, ka auna ƙasa sama ta ƙone. Mai ful-firem ta zamani zai auna saman, ya je kwamfuta ya ɗago inuwar mataki uku ko huɗu ta taso da tsabta. Yi haka da fayil ɗin OM-5, mataki biyu za ta ɗauka ba gardama, daga nan sai tsaki-tsaki ya fara fitowa, koren ganye ya koma wani iri. Akwai hanyar kaucewa, ka ɗauki uku ko biyar da haske daban-daban ka haɗe su daga baya, ita kanta tana jera maka su da dannawa ɗaya kuma hana rawar hannun yana taimakawa, ko ka yi amfani da Live ND ko High Res ɗin don tsabtace inuwa. Duk suna aiki. Amma ƙarin aiki ne, kuma duk suna son abin da ba ya motsi. Duk wanda ya ce maka babu bambanci da ful-firem son kayansa ne ya rufe masa ido.

ISO ma haka, 200 ne gindinta, har 1600 ba ni da ƙorafi, 3200 ana lallaɓawa da manhajojin cire tsaki na yanzu, sama da haka sai dole. Kuma a ɗauka da RAW don Allah, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, fayil ɗinta ORF ake kiransa, manhajar gyaran hoto ta Lightroom na buɗe shi, manhajarsu OM Workspace ma kyauta ce ga mai kyamarar.

Ƙaramar sensar tana da nata alherin da ba a cika faɗa ba. Mai hoton daji yana son komai ya fito tas, daga furen da ke gaban takalminsa har tsaunin da ke can ƙarshen gani. A ful-firem sai ka matse bakin lens zuwa f/11 kafin ka samu haka, a nan f/5.6 ya ba ka daidai wannan zurfin, haske kuma ninki huɗu yake shigowa, shi ya sa ba ka cika barin ISO 200 ba. Shawara ɗaya, kar ka ɗauko al'adar f/16 da f/22 ka kawo nan, daga f/11 zuwa sama hoton laushi yake fara yi saboda yadda haske ke bazuwa in ya bi ta ƙaramar kafa. Tsakanin f/5.6 da f/8 nan ne gidanta. In furen ya yi kusa sosai akwai Focus Stacking, ta ɗauki hotuna tana matsar da fokas ta haɗe su a cikinta, da 12-45 ɗin yana aiki.

Ɗayan alherin shi ne zuƙo nesa. Duk lambar da ke jikin lens ɗinta ninka ta biyu, 12-45 daidai yake da 24-90, shi kuma 40-150mm f/4 PRO daidai yake da 80-300 alhali giram 382 ne kacal. Wannan ne dalilin da har yanzu waya ba ta kashe kyamara a wurina ba. Wayoyin yanzu a hoto mai faɗi da rana sun ƙware, wani lokaci ma nasu ya fi ɗaukar ido kai tsaye. Amma masu fara hoton daji kusan duk cuta ɗaya ke damunsu, son cusa komai a hoto ɗaya, sai tsaunin da ya cika maka ido a zahiri ya koma ɗan ƙullutu a tsakiya, sama rabi ƙasa rabi. Hotunan da ke tsayar da mutum yawanci yanki aka ciro: layin tsaunuka biyar sun jeru a hazo kowanne ya fi na gabansa haske, bishiya ɗaya da rana ta haska a gefen kwari mai duhu, gefen tulin yashi rabi ja rabi baƙi. Wannan aikin dogon lens ne, kuma a nan za ka iya ɗaukar daga 24 har 300 a lens biyu, da jikin kyamarar duka kilo ɗaya da ɗan kai.

Taurari kuwa rabi da rabi ne. Starry Sky AF abu ne mai daɗi, duk wanda ya taɓa tsayawa cikin duhu da sanyi yana murɗa zoben fokas yana zuƙo tauraro ɗaya a sikirin don ya ga ya zama ɗigo ya san wahalar, nan maɓalli za ka danna ta nemo da kanta, kuma tana samu. Live Composite shi ma, ta ɗauki hoton farko sannan ta riƙa ƙara sabon haske kawai a kansa, kana kallon layin taurari yana tsawo a sikirin ko walƙiya tana taruwa, in ya yi maka ka tsayar. Amma hoton taurari a tsaye cik, nan ƙaramar sensa take shan wuya. Duniya tana juyawa digiri 15 duk awa, a 12mm in ka wuce daƙiƙa 20 taurarin sun fara jan wutsiya, f/4 kuma bai isa ba, sai ka kai ISO 3200 ko 6400, inda ta fi rauni kenan. Wanda wannan ya dame shi ya nemi lens mai buɗi sosai irin Olympus 12mm f/2 ko Panasonic Leica 9mm f/1.7, kowannensu giram 130. In kuwa hoton dare shi ne babban burinka, gaskiya ka tafi ful-firem kawai kar ka wahalar da kanka.

Batir. BLS-50 ne, ɗan ƙarami, a ma'aunin CIPA na ƙungiyar masu ƙera kyamara, hoto 310 yake ɗauka a caji ɗaya. Live ND da High Res kuma ci suke, sanyi ma yana ci. Masu hawa Kilimanjaro mai tsawon mita 5,895 da tsakar dare suke tashi don su riski fitowar rana a ƙololuwa, a irin wannan sanyin duk batirin litiyom raguwa yake, kowace kyamara ce, don haka na ajiya a aljihun ciki yake kwana kusa da jiki. Batir uku shi ne mafi ƙaranci ga tafiyar yini da kwana. A jirgin sama kuma batirin da ba ya cikin na'ura a jakar hannu ake sa shi, ba a wadda ake aunawa ba. A guji na bogi masu arha, na taɓa samun wani na wani kamfani da ya kumbura sai da aka sha fama kafin ya fito daga ramin.

Abin da kowa ya yi tsaki a kansa tun ranar da ta fito shi ne bakin caji, micro USB a shekarar 2022, lokacin da waya da kwamfuta da fawa bank duk sun koma USB-C. Ga matafiyi wannan wayar caji ce ta daban da dole ka tuna da ita. Tsarin menu ɗinta ma tsohon na Olympus ne mai shiga cikin shiga, Live ND ɗin da nake ta yabo sai ka tona kafin ka same shi, mafita ita ce ka zauna rana ɗaya ka ɗora shi a kan maɓalli, High Res a wani, daga nan Super Control Panel ya ishe ka, danna OK komai ya bayyana a shafi ɗaya. Ramin memori ɗaya ne tak, don haka duk dare a kwafe hotuna zuwa waya ko wani wurin. Mariƙinta siriri ne, mai babban hannu ko mai safar sanyi zai ji ta tana neman zamewa. Ba ta da gane tsuntsu ko dabba da kanta irin na OM-1, in namun daji ne rabin tafiyarka ka san da wannan.

A watan Yunin 2025 sun fitar da OM-5 Mark II, an sa USB-C, an kawo sabon menu, an ƙara kaurin mariƙi, an kuma sa maɓalli ɗaya mai tara su Live ND da High Res wuri guda. Sensar dai ita ce, megafiksal 20, don haka hoton da za ta ba ka kusan shi ne na ta farkon. Wanda zai sayi sabuwa ya ɗauki Mark II. Wanda ya samu ta farkon ta hannu cikin rahusa kada ya ji an bar shi a baya, ya sayi caja ta waje mai ɗaukar batir biyu shi kenan.

In kana buga manyan hotuna kana sayarwa, ko motarka tana kai ka har bakin wurin ka fito ka kafa tiraifod, ba ka da dalilin sadaukar da girman sensa, Fujifilm X-T5 mai megafiksal 40 da giram 557 tana nan a tsakiya, Sony A7C II ma ful-firem ce mai ƙaramin jiki, kodayake lens ɗinta ne za su dawo maka da nauyin, musamman dogayen. Ita OM-5 ta mai tafiya ce, wanda ruwa zai iya dukansa a hanya kuma ba zai koma ba.

Wanda ya yanke shawarar saye, ya fara da 12-45 ɗin da folaraiza da batir biyu na ƙari, ya yi tafiya da su tukuna kafin ya ƙara komai. In ya dawo ya duba hotunansa a kwamfuta ya ga a wace lamba ya fi ɗauka. In kullum a 45 yake maƙalewa yana jin bai isa ba, 40-150 ne na gaba. In a 12 yake maƙalewa, cikin kwazazzabai da dazuzzuka masu dogayen itatuwa inda ba wurin ja da baya, to 8-25mm f/4 PRO, giram 411, sai dai bakinsa milimita 72 ne, folaraizar 58 ɗin ba za ta hau ba. Gara tun farko a sayi mai 72 da ɗan zoben da ke ɗaura ta a kan ƙaramin lens, ta yi wa duka biyun aiki.